Wutar da Kaporal Ya Kunna Cikin Ruwa

Ina zawarci a shekarar da Kaporal ya dawo daga yaƙin Nasara. Mijina na fari zazzaɓi ya ɗauke shi tun ba mu cika shekara biyu ba, na gama takaba na koma gidan Baba a Dakoro, lokacin Faransawa ba su daɗe da kafa barikinsu a garin ba. Yawancin yinina a gidan Gwaggo nake yi, ƙanwar Baba, ina taya ta dakan furar sayarwa. Gidanta kuwa darnin kara ɗaya ya raba shi da gidan da Kaporal ya sauka shi da tsohuwarsa.

Kaporal ba sunansa ba ne, muƙaminsa ne na soja, amma da shi kowa ke kiransa, ni ma har ya bar duniya ban kira shi da wani ba. Dogo ne, baƙi, da 'yar wushirya, idan yana magana sai ya riƙa duban sama kamar can aka rubuta masa abin da zai faɗa. Bayan na tsufa na koyi boko na karanta littattafan soyayya na kasuwa da yawa, waɗanda jikokina ke kawo mini daga Maradi, kuma a cikinsu saurayi da mota yake zuwa. Nawa da takalmin soja mai ɓararren baki ya zo, da akwatin ƙarfe, da labari. Ta kafar darni nake jin labarin idan yana ba tsohuwarsa, taɓarya a hannuna, har sai Gwaggo ta yi mini tsawa in tuna da turmi. Ba a yi wata uku ba ya gane akwai mai saurare a bayan darni, ya fara ɗaga murya saboda ni.

Labarin da ya jawo mini shi, shi ne ya so ya raba mu.

Wata la'asar a inuwar gawon da dattawa ke zama kusa da masallaci, ya ba su labarin jirgin ruwa da ya fi kasuwar Dakoro tsawo, suka yarda. Ya ba su na ƙanƙarar da ke sauka kamar auduga, suka yarda. Sai ya ce a wani gari na bakin teku, inda suka jira jirgin komowa, akwai wani babban masauki, a bayansa an gina tafki da dutse mai kusurwa huɗu. Idan rana ta faɗi sai a kunna wuta a ƙarƙashin ruwan, ruwan duka ya haskaka kamar sama bayan an ɗauke hadari, mutane na iyo cikin haske. Ya ce har shi ya shiga ya yi wanka.

Baba yana wurin. Baba kuwa maginin rijiya ne, tun daga Sabon Maci har Mai Yara babu garin da ba a sha ruwan hannunsa ba, kuma rijiyoyin ƙasarmu masu zurfi ne, mutum na sauka har ya ga bakin rijiya kamar faifai. Waɗanda suka ji sun ce gyaran murya ya yi, ya ce:

"Kai yaro. Tun kafin a haife ka nike shiga rijiya. Ban sauka sai na zura aci-bal-bal da igiya, in ta mutu a ƙasa, ranar ba ni shiga. Wutar da ke mutuwa a gindin rijiya tun ba ta taɓa ruwa ba, ita ce za ta rayu cikin ruwa?"

Aka bushe da dariya. Kafin kasuwa ta zagayo, duk inda Kaporal ya gitta sai ka ji ana cewa a ba shi garwashi ya kai tafki.

Da danginsa suka kawo goron tambaya, Baba ya karɓe su da mutunci, ya ba su ruwa, ya mayar musu da goronsu. Ya ce shi ba ya ba maƙaryaci ɗiya. Gwaggo ta yafa zane ta same shi, ta ce masa ni bazawara ce, zaɓi nawa ne.

"Ta zaɓa," in ji Baba. "Amma ba da bakina ba."

Ni kuwa ba zan shiga ɗakin da Baba bai sa wa albarka ba, Kaporal ma ya san haka. Sai ya aika a tambayi Baba, in ya nuna masa fa? Baba ya ce ran da ya ga wuta cikin ruwa da idonsa, a dawo a yi magana. Ya faɗe ta ne yadda ake faɗin abin da ba za ya taɓa yiwuwa ba, amma a gaban mutane ya faɗa, kuma Baba ba ya tashin maganarsa.

Ana tsakiyar damina Kaporal ya fara haƙa a bayan ɗakinsa, dab da darnin Gwaggo. Taki huɗu a tsaye, uku a kwance, zurfinsa iya ƙirji. A soja ya koyi gini, ya sa aka kawo masa siminti daga Maradi a kamyo, babbar motar kaya, ya yi ta shafe shi kaɗai yana rera waƙar da ba mu san harshenta ba. Gwaggo takan leƙa ta ce:

"Kaporal, raƙumin wa ya mutu ake yi mashi kabari na siminti?"

"Na Nasara ne, Gwaggo. Yana hanya."

"To ka bar mani ƙafa ɗaya in yi miya."

Da shafen ya bushe ya dama farar ƙasa da shuɗin wanki ya shafe cikin. Ƙarshen damina, tafkin bayan gari na cike, ya yi kwana shida yana kai da komowa da jakuna biyu da salkuna har ya cika shi. Ranar da ya gama ya zo bakin darni ya tsaya, gumi na zuba.

"Ɗiyar Baba, ga ruwa. Saura wuta."

"Wace iri?"

Ya dubi sama. Na daɗe ina jiran amsa kafin in gane shi ma bai sani ba. Ya ga hasken, amma bai taɓa ganin abin da ke ba da shi ba.

Nan muka shiga neman wutar da za ta yi, ni ta wannan gefe na darni, shi ta wancan, kullum tsakanin magariba da lisha, don sai rana ta faɗi ake iya gwaji. Na uku a cikinmu ɗan Gwaggo ne, taubashina, wanda ke aikin kuku a gidan kumandan, Nasaran da ke mulkin bariki. Ya girme ni, yana da mata da 'ya'ya, amma bakinsa bai girma ba. Shi ya roƙo mana wata kwalba mai faɗin baki daga cikin waɗanda matar kumandan ta gama da su, irin wadda ake kawo 'ya'yan itace a ciki daga Faransa, da murfin gilashi da zoben roba da wayar ƙarfe mai danne shi. Ya miƙo ta ta saman darni yana cewa:

"Ungo, baiwata. In auren ya ɗauru ni ke da ke, in bai ɗauru ba ma ni ke da ke. Ko ta ina ban yi asara ba."

"Allah ya kiyaye in auri mai warin albasa."

"Warin albasa ya fi warin kananzir. Jira ki gani."

Da kyandir aka fara. Kaporal ya liƙa guntunsa a gindin kwalbar, ya kunna, ya rufe, ya sa a ruwa. Kwalbar ta ƙi nutsewa, tana ta rawa a sama kamar gora. Kafin ya samo dutsen da zai danne ta, wutar ta yi ja, ta ƙanƙance, ta mutu. Dukanmu muka tuna da maganar Baba a gindin gawo. Wuta na son iska kamar mutum.

Sai ya ce to a ba ta iska. Ya sami garwar kananzir, ya yanke mata taga a gefe, ya liƙa gilashi da kakin zuma da ƙaro, ya sa fitilar ƙwai a ciki, ya huda saman ya soka tiyo biyu na tsohuwar mota, ɗaya iska ta shiga, ɗaya hayaƙi ya fita. Kwana huɗu yana wannan aiki. Ya ɗaura mata duwatsu ya shiga ruwan da kansa ya ajiye ta a ƙasa. Ina leƙe ta kafar kara, na ga wani ɗan ja-ja a can ciki kamar idon kura. Sai kuma na ji ƙas. Zafin fitila ya narkar da kakin, ruwan sanyi ya taɓa ƙwan, ya fashe. Kananzir ya taso ya yi shimfiɗa a saman ruwa, muka yi kwana biyu ana kwashe shi da tsumma da ƙwarya.

"Na faɗa maki," in ji taubashina yana toshe hanci. "Ango ya sha turare."

Wani direba ya ce yana da fitilar karbit, mai farin haske da ke kashe ido, wai ita da ruwa ma take aiki. Kaporal ya ɗauko ta yana murna. Ana kunna ta ta yi huci, ta tashi da wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, harshenta ya miƙe. Gwaggo ta fito da muciya a hannu.

"Wallahi in abin nan ya ƙara kwana kusa da darnina, ni da kaina zan tahi in gaya wa yayana ya ƙara riƙe ɗiyarshi. Kara ne fa, ba dutse ba. So kake ka gasa mu kamar fara?"

Aka mayar wa direba kayansa.

Tun farko akwai tocila a akwatinsa, ta soja, mai jikin ƙarfe, amma ya ƙi ko a ambace ta. Cewa yake Baba wuta ya ce, tocila kuwa ba wuta ba ce. Rannan na ga ya zauna a bakin ginin ya rafka tagumi, na ce:

"Kaporal, wadda ka gani can, tana hayaƙi?"

"A'a."

"Tana rawa in iska ta taso?"

"A'a. Tsaye take cak."

"Ka ga wani ya zo yana ƙara mata mai?"

Ya dubi sama, sannan ya dube ni ta kafar darni. Ido ɗaya kawai yake iya gani nawa, ni ma haka, amma kallon nan har yau ina jin sa a ƙirjina kamar an zuba mini ruwan randa da rani.

"To mi ya sa kake neman mai hayaƙi?" na ce. "Danginta na cikin akwatinka."

Tocilar ta shiga kwalbar kamar don ita aka yi ta. Ya zuba rairayi a ƙasa don nauyi, ya kunna, ya danne murfin da wayar, ya shiga ruwa ya ajiye a tsakiya. Pil ɗinsa, wato duwatsun da ke ba ta wuta, biyu kaɗai suka rage, kuma babu mai sayar da su a Dakoro, sai in kamyo ya zo daga Maradi. Saboda haka kowane gwaji sai an yi sauri. Ruwa bai shiga ba. Tocila ba ta mutu ba. Amma da kwalbar ta wuce kamu ɗaya sai hasken ya ɓace gaba ɗaya, kamar an rufe shi da bargo.

Ya fito da ita tana ci. Ya mayar, ta ɓace. Ya fito ya kashe, ya zauna jiƙe sharkaf.

"Ba ta da ƙarfi," ya ce. "Sai an sami huɗu ko biyar. Zan tahi Maradi in saida babbar rigar soja."

Ni kuwa dariya ce ta kama ni, irin wadda ba a iya dannewa, har na jingina da turmi. Gwaggo ta leƙa ta ga abin da na gani, ita ma ta kama. Kaporal ya ji haushi.

"Mi ya faru?"

"Ɗebo ruwan nan a tafin hannunka ka duba," in ji Gwaggo. "Wannan ruwa ne ko kunu? Ko rana ka sa cikin wanga ai sai an yi cigiyarta."

Ruwan tafki ne, ja wur da laka, kuma kullum ya shiga ajiye fitila sai ya ƙara dama shi. Su maza ba su san kamannin ruwan tafki ba, sai ya zo musu cikin ƙwarya garau suke ganinsa. Ba su taɓa tambayar abin da ke faruwa tsakanin salka da randa ba. Kowace yarinya a ƙasarmu ta san anza, ɗan itacen dajin nan da ake jiƙa 'ya'yansa a ci lokacin yunwa. Idan aka sassaƙo ɓawon reshensa aka daddaka aka kaɗa cikin ruwa, laka sai ta dunƙule ta kwanta. Randa ɗaya ɗan kaɗan ya ishe ta. Wannan kuwa ba randa ba ce, don haka washegari ni da Gwaggo muka shiga daji da gatari da faifai, muka dawo muka cika turmi biyu. Ranar ba a yi furar sayarwa ba. Muka miƙa masa ta saman darni, ya zuba, ya kaɗa da dogon icce, Gwaggo ta kafa masa doka.

"Kada ka taɓa shi. Kada ka wanke hannu. Kada ma ka yi mashi atishawa."

Kwana biyu ruwan ya kwanta. Da safe na leƙa na ga shuɗin bango tun daga sama har kusa da ƙasa, da wani ganye da ya faɗa yana yawo da inuwarsa a ƙarƙashinsa.

Yanzu ba shiga, sai dai a zura kwalbar da zare. Gwajin fari ya sa ta a tsakiya tana kallon sama, sai ta zama kamar ido guda yana hararar mutum, ruwan kuwa baƙi ƙirin kewaye da ita. Na ce ya kwantar da ita a kan gefenta, ya rataye ta jikin bangon da mutane za su tsaya, ta haska ɗaya bangon, yadda mai kallo ba zai ga ita kanta ba. Ya gyara rairayin, ya yi haka. Ruwan ya kama daga wannan kusurwa zuwa waccan. Shi kuwa ya girgiza kai ya kashe.

"Launin man shanu ne. Waccan ba haka take ba."

"Kai kuma," in ji taubashina, "Baba ya taɓa zuwa Faransa ne da zai san launi?"

"Ni na taɓa zuwa."

Ina son wannan taurin kai nasa, ko da yake a lokacin na so in jefe shi da muciya. Gwaggo ce ta tuna da shuɗiyar takardar nan da ake naɗe kan sukari, wanda Buzaye ke fasawa su sa a shayi. Tana da su a ƙarƙashin gado tana ƙunshe kanwa. Aka yanko aka rufe bakin tocilar. Ninki biyu ya cinye hasken. Ninki ɗaya, da aka ɗan shafa masa man gyaɗa don haske ya ratsa, ya ba da abin da ya sa Kaporal ya zauna a ƙasa a hankali. Ya bar ta tana ci har na ce masa ya tuna da pil.

Aka aika wa Baba, ya ce zai zo jibi bayan magariba.

Ana gobe zai zo, Gwaggo ta shiga ɗaki, taubashina bai zo ba, Kaporal ya matso jikin darni har ina jin numfashinsa.

"Ɗiyar Baba, akwai magana."

"Ina ji."

"Tafkin nan na gan shi. Wutar ma na gan ta, Allah shaida. Amma ban shiga ba."

Ya ce shingen ƙarfe ne ya kewaye wurin, da mai gadi a ƙofa, irinsu ba sa wuce shingen. Shi da wani abokinsa suka tsaya suka riƙe ƙarafan suna kallo har aka busa musu ƙahon komawa bariki. Kwana tara suka yi a garin, kwana tara yana zuwa yana tsayawa. Ya ce a hanyar komowa cikin jirgi ya yi ta shiga ruwan nan a zuciyarsa har ya manta ƙafarsa ba ta taɓa shi ba, da ya zauna gindin gawo kuwa sai bakinsa ya riga shi.

Tausayinsa ya kama ni har idona ya cika. Amma abin da na ce masa, ban ji daɗinsa ba har yau.

"Wa ya sani ban da ni? Abokin naka yana ina?"

"Can wajen Damagaram."

"To ka bar ta nan. Wuta Baba ya ce, ba wanka ba. Ka nuna mashi wuta ka yi shiru."

Ya ja da baya daga darni ya shiga ɗakinsa.

Baba ya zo da dattawa biyar na gindin gawo, samari kuma suka biyo baya har suka cika bayan ɗakin. Mu mata muna gefen Gwaggo, kowa ta buɗa wa idonta kafa a darni, Gwaggo na ta faɗa kada a kayar mata da shi. Sauran ja kaɗan ya rage a yamma. Kaporal ya sa mutane suka tsaya a gefen da ya zaɓa, ya juya baya ya kunna tocila cikin rigarsa, ya rufe kwalbar, ya zura ta a hankali.

Ban san yadda zan kwatanta wa wanda ya tashi da lantarki ba. Mu abin da muka sani, dare baƙi ne, ruwa da dare ya fi shi baƙi. Sai ga wani yanki na sama an yanko shi mai kusurwa huɗu an shimfiɗa a ƙasa a bayan ɗakin kara. Hasken na motsi a fuskokin dattawa, yana hawa gemunsu yana sauka. Wani ya yi salati. Wani ya ja da baya ya taka ɗan'uwansa. Wata mata kusa da ni ta kama hannuna ta matse ba ta ma san ta yi ba.

Baba ya tsuguna. Ya naɗe hannun rigarsa ya tsoma hannu har gwiwa, ya juya shi, ya buɗe yatsu, yana kallon hannunsa ya zama shuɗi. Ya lalubo zaren, ya bi shi da yatsa, ya leƙa ya ga kwalbar. Ya daɗe a tsugune.

"Tocila ce."

"Ita ce, Baba."

"Can ma tocila ce?"

"Ban sani ba, Baba. Danginta dai ce. Waccan ta fi wannan nesa."

Baba ya gyaɗa kai. "To, na gani. Wuta na zama cikin ruwa in an yi mata ɗaki. Ni ne ban sani ba." Ya faɗi haka a gaban mutanen da suka yi dariya a gindin gawo, na ji kamar in yi guɗa. Sannan ya yarfe hannu ya ce, kamar mai neman hira kawai, "Kai da ka yi wanka cikinta, ba ta ƙuna?"

Na kama kara biyu na darni na riƙe. A zuciyata ina cewa ka ce a'a, ka ce a'a kawai, ai ba ƙarya ba ce, ba ta ƙuna.

Kaporal ya dubi sama.

"Ban shiga ba, Baba. A bayan shinge na tsaya. Wannan na ƙara."

Sai wani saurayi ya fashe da dariya, saura suka bi. Wani dattijo ya ce ashe dai da ƙarya a ciki. Baba bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya saki hannun rigarsa, ya ce a kashe abin kada ya ƙare a banza, ruwan kuma a ba dabbobi kada ya lalace. Ya sa takalmi ya fita.

Kwana huɗu ban je gidan Gwaggo ba. Fushi nake da Kaporal, ina kuma jin kunyar fushin. Ina kai wa Baba tuwo ina ɗauko kwano, ba ya ce mini komai sai sannu. Ran na uku ne ina ajiye masa ruwa ya ɗaga ƙwaryar ya duba cikinta.

"Wa ya kwantar mashi da ruwan nan?"

"Ni da Gwaggo, Baba."

"Anza?"

"I."

"Hm," ya ce, ya sha.

Ran na biyar da hantsi Gwaggo ta faɗo gidanmu ko sallama babu, zanenta a hannu. Ta ce da sassafe tana shara ta ji muryar Baba a ƙofar Kaporal. Ana yashe wata rijiya a hanyar Birnin Lalle, Baba ya ce ya zo ya riƙe masa kan igiya.

Idan magini zai sauka, mutane da yawa ke riƙe igiya, amma akwai na gaba, wanda ke tsaye a bakin rijiya, shi ke jin motsin na ƙasa a tafinsa, shi ke cewa a saki ko a ja. Baba bai taɓa ba wani wannan wuri ba sai ƙanensa, bayan rasuwarsa kuma sai yayana. Na zauna a kan turmi. Yinin nan ban san abin da na dafa ba.

Sai bayan la'asar suka dawo. Baba ya shigo da laka har wuya, ya zauna a tabarma, Gwaggo na tsaye a kansa ta ƙi tafiya gida tun safe.

"To? Yaya, ka yi magana mana."

"Bai iya ba," in ji Baba. "Hannunshi na soja ne, ba na igiya ba. Ina gaba ashirin cikin rijiya ya fara saɓulewa."

Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Sai na ji shi daga sama yana kira, wai hannunshi ya gaza, a karɓe shi. Gaban mutanen gari duka, da mata a bakin rijiya. Aka karɓe shi." Ya kankare laka daga gemunsa. "Na san waɗanda za su ciji haƙori su yi shiru don kunya har su sake ni. Ki gaya wa mutanenshi su dawo."

Guɗar Gwaggo har kaji sai da suka watse. Baba ya ce ta yi masa a hankali, kansa na ciwo, ya kuma ce in kawo masa ruwan wanka, kuma kada a ƙara kai masa Kaporal bakin rijiya ko da kallo ne.

Da na gama na bi Gwaggo gida, na ɗebi man shanu a 'yar ƙwarya. Na sami Kaporal zaune jikin darni, ya ɗora hannuwa a gwiwa tafin na kallon sama, duk sun saɓule sun yi ja. A bayansa jakunan maƙwabta ne ke shan ruwa a kwatarniya, tsohuwarsa na ɗebo musu daga ginin da guga. Na tura ƙwaryar ta ƙarƙashin kara.

"Shafa."

"Da wane hannun?"

"Da wanda ka riƙe ubana."

"Ki zagayo ki shafa mani mana, ɗiyar Baba."

"Saura kwana nawa ne? Yi haƙuri."

Daga cikin ɗaki Gwaggo ta ce ita dai kunnenta lafiya lau, kuma man nan na miyarta ne, a shafa kaɗan.